Goggon Ɗaki na Uku Ta Rasu da Sunana a Wuyanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake rubuta wannan sanarwa. Ina rubuta ta a kan bencin wanke kwalabe, domin teburina ba ya zaunuwa. Dakta, shugabar sashenmu, da Injiniya, mai gyaran kayan gidan nan, suna tsaye a kan gawa tun safe, kuma yau kwana na uku ke nan ba su gama ba.

"Cewa na yi ka gyara ta ta yi kyan gani. Yaushe na ce ka sa mata almakashi?"

"Ranki ya daɗe, da bakinki kika ce a cire wannan tsumman. Ni tsumma na gani, tsumma na cire."

"Kai ba injiniya ba ne? Ba ka tambaya?"

"Wa zan tambaya? Mijinta ba ya nan."

Mijin nata ni ne. Haka ake kirana a nan, tun daga mai gadi har zuwa sama.

Saboda haka, a madadin ni kaina da ma'aikatan ɗakin bincike na uku, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo, wato madubin likitan da muke duba ƙwayoyin jini da shi, muna ɗaukar hotonsu. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a bakin aikinta, fitilarta a kunne. Ta bar duniya tana da shekara talatin da huɗu. Bakwai daga ciki a hannuna ta yi su.

Marigayiyar ta zo gidan nan a akwatin katako tun ba a haife ni ba. Baƙa ce, ƙarfe zalla, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta sai ya yi nishi. Tana da ido biyu na leƙawa. Na hagu ya yi yana saboda damshi, na dama kuwa har ranar da ta cika babu na'urar da ta kai shi gani a benen nan. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka ɗora mata kyamara a ka, wadda ba don ita aka ƙera ba. Nauyin ya fi ƙarfin wuyanta. Ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai tun daga lokacin, idan aka saki kunnen da ake murɗawa a saita gani, kanta yakan riƙa sauka da kansa, sannu sannu, yadda ido ba ya kamawa. Maganin wannan ciwo guda ɗaya ne: robar tayar keke, faɗin yatsa biyu, a naɗa ta sau uku a kunnen, a ɗaure a ƙafarta ta baya. Ana sauya robar duk bayan wata shida.

Wannan shi ne tsumman da ake magana.

Na san marigayiyar ta hannun Baba Mai Madubi, wanda ya riƙe ta shekara ashirin da ɗoriya kafin ni. Na gama sakandare na zauna a gida shekara guda, sai kawuna ya samo mini wankin kwalabe a nan, wai kafin wani abu ya fito. Wata rana ina goge tebur Baba ya ce, "Zo ka ga abin da kake wankewa." Na sa ido. A da na ɗauka jini jan ruwa ne kawai. Sai ga gari guda cike da jama'a, zagayayyu kamar maɓallan riga, kowa da ɗan lotsi a tsakiya. A cikinsu akwai wasu da suka lanƙwashe kamar lauje. Baba ya ce waɗannan su ne na masu sikila. Ya ce zagayayyun suna lanƙwasa jiki su wuce ta siririyar hanya, su kuwa masu kama da lauje sai su zo ƙofa su maƙale, ba gaba, ba baya, na bayansu su taru a kansu. Ya ce ciwon ke nan gaba ɗaya.

Na daɗe ban ɗago ba. Da na ɗago, Baba yana kallona kamar mai auna yadi.

Ya koya mini komai. Yadda ake ɗiga jini a gilashi a ja shi sau ɗaya, ba a komawa. Yadda ake rina shi da shuɗi da ja har farar ƙwaya ta nuna cikinta. Yadda ake sa ɗigon mai a ƙarƙashin babban idonta na ƙasa, mai kallon gilashin, ɗaya tak, domin biyu ƙazanta ce. Yadda ake riƙe numfashi kafin a danna hoto. A ƙarshe ya nuna mini robar, ya rage murya ko da yake mu biyu ne a ɗakin.

"Wannan kada ka gaya wa kowa amfaninta. Bar su su ɗauka camfi ne. Muddin kai kaɗai ka san abin da ke riƙe kan Goggo, babu mai korarka."

Bayan wata tara ya zo da wani koren kati da ake ɗaurawa a wuyan kowace na'ura da waya, mai ɗauke da sunan wanda take hannunsa. Ya ce in sa hannu a ƙarƙashin nasa, daga yau tawa ce. Ina da shekara ashirin, kuma ban daɗe da ƙirƙiro sa hannuna ba, mai wutsiya doguwa. Na zana shi da kyau. Baba ya yi dariya, ranar na fara ganin haƙoransa na ciki. Ya saya mini lemo mai sanyi. Mako na zagayowa ya karɓi takardar sallamarsa ya koma gonarsa, ko gaisuwa bai sake aikowa ba. Na ɗauka halin tsofaffi ne.

Game da halayen marigayiya, waɗanda suka zauna da ita za su shaida. Ba ta ƙarya. Abin da ke cikin jini shi take nunawa, ko na wane ne. Ba ta son gaggawa: idan ka kunna ta sai ka ba ta minti goma ta ɗumama, tana *zuuuu* a hankali, kamar tsohuwa mai gyangyaɗi. Idan ka juya idanunta na ƙasa daga ƙarami zuwa babba takan ce *ƙaƙas*, sau ɗaya, ka san ya zauna. Idan ta ɗauki hoto mai kyau takan ce *cik*. Idan hannunka ya yi rawa ma *cik* ɗin take cewa, ba ta tona asiri sai a allo. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ni ma ban nema ba.

Tare muka ɗauki hoto dubu arba'in da ɗaya. Wasu sun tafi ƙasashen da ban san hanyarsu ba, an buga su a mujallun masana. Akwai guda da aka faɗaɗa aka sa a firam a barandar shiga: laujuna uku sun rungumi wata zagayayya, shuɗi a kan ruwan hoda. Kwana biyu na yi ina neman wannan fili a gilashi. A ƙarƙashinsa akwai sunaye biyar, na Dakta a farko. Ni da Goggo muna layin ƙarshe na takardar, inda aka ce ana godiya ga ma'aikatan ɗaki. Ranar da Inna, mahaifiyata, ta zo kawo mini mukullin gida da na manta, na tsayar da ita a gaban firam ɗin na ce aikina ne. Ta duba sama da ƙasa ta ce, "Zanen ya yi kyau. A ina ake sayar da yadin?" Daga nan ta leƙa ɗaki ta gaida Goggo, ta ce ashe wannan ce surukar tata, baƙa kuma ba ta magana, irin wadda take so. A unguwa kuwa cewa take yi ɗanta likita ne. Na daina gyara mata.

Dole a faɗi gaskiya ko a kan mamaci: Goggo tana da riƙo. Sau biyu makarantar koyon aikin ɗakin gwaji ta ba ni gurbi, inda mutum zai yi shekara uku ya fito da takardar da za ta sa a rubuta sunansa a ƙarƙashin hotonsa. Sau biyu Dakta ta kira ni ofis, ta ba ni kujera, ta ce, "Ɗana, ka san ba na tare maka hanya. Amma wa zai riƙe Goggo? Kowa ya taɓa ta sai hoto ya fito kamar an ɗauka a cikin hayaƙi. Bari mu gama wannan zangon." Na fito ina jin haushinta. Da jimla ɗaya da na warware komai, in ce robar nan ce, da suke sassautawa in za su murɗa kunnen. Ban ce ba. Ina so a sake ni, ina kuma so a ce ba a iyawa sai da ni. Duka biyun na riƙe, shekara bakwai.

Bana makarantar ta ba ni gurbi karo na uku, da gargaɗi a rubuce cewa ba ta bayarwa sau huɗu. Rajista tana rufewa ranar Litinin da ƙarfe goma sha biyu na rana, kuma ba a karɓar ma'aikaci sai da takardar sallama daga wurin aikinsa. Wannan karon Dakta ta amince. An shirya ranar Juma'a, wato yau, ɗalibinta da muke kira Ƙaramin Dakta zai sa hannu a koren katin ya karɓi Goggo. Ni kuma na yi niyya a raina, bayan ya sa hannu zan ja shi gefe in nuna masa robar. Bayan, ba kafin ba. Haka aka yi mini.

Ga yadda ajali ya zo.

Ranar Laraba na nemi izini na tafi makarantar a auna lafiyata a ɗauki hotona. Ita ce rana ta farko da na bar Goggo ita kaɗai a lokacin aiki. Na rufe ta da mayafinta na tafi. A ranar ne baƙi masu tallafa wa binciken za su zagaya gidan, an yi fenti, an aro tukwanen furanni. Dakta ta shigo duba ɗaki, ta yaye mayafin, ta ga baƙar roba a naɗe a jikin na'urar da za a nuna wa baƙi. Ta faɗi abin da ta faɗa, wanda har yanzu ake musun kalmominsa. Injiniya ya yanke robar. Ya goge Goggo har tana sheƙi, ya sa gilashin jini mafi kyau a ƙarƙashin babban idonta, ya kunna fitila, ya ja ƙofa. Kowa ya tafi bakin ƙofar gida jiran baƙi.

Babu wanda ke kanta lokacin da ta cika. Iya mai shara ce kaɗai ta ji, tana goge baranda. Ta ce *zuuuu* ɗin nan na kullum ta fara ji, ya daɗe. Sai *ƙas*, kamar an taka ɓawon ƙwai. Kan Goggo ne ya gama saukowa, babban idonta ya nutse cikin gilashin ya tsage. Iya ta kira Injiniya. Ya zo da gudu, ya kama kunnen ya murɗa sama da ƙarfin da yake tayar da janareta. Goggo ta ce *gurrr*, haƙoran wuyanta suka zube ciki, kanta ya faɗi gaba. Maganarta ta ƙarshe ke nan. An kai baƙi ɗaki na biyu aka nuna musu firji.

Na dawo da yamma da hotona ƙanana guda huɗu a aljihu. Na tarar an mayar mata da mayafi. Robar tana cikin kwandon shara, gida biyu. Na ɗauko ta. Kamfanin da ya ƙera marigayiyar ya rufe tun ina firamare, kayan gyaranta babu su ko a kasuwar tsofaffin ƙarafa.

Jiya na sami Ƙaramin Dakta da katin. Ya sa hannuwansa biyu a aljihun farar rigarsa ya ce, "Malam, ni fa mai rai aka ce zan karɓa." Na hau wurin Dakta. Ta buɗe aljihun tebur ta nuna mini takardar sallamata, a buge, da sa hannunta, har da yabon da ban san tana da shi a kaina ba. Saura hatimin sito. Na sauka wurin Mai Sito, mai kula da kayan gidan nan kaf. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa. Ya ce ba a buga wa mutum hatimi alhali akwai kaya a sunansa, kuma suna ba ya fita daga koren kati sai ta hanya uku.

"Ko wani ya sa hannu a ƙarƙashin naka, ko da wanda ya lalata ne in ya amsa. Ko kwamitin matattun kaya ya zauna ya tabbatar ta mutu."

Na ce yaushe kwamitin zai zauna.

"Shugabansa ya yi ritaya shekara goma sha biyu ke nan, ba a naɗa wani ba."

Na ce ta ukun fa.

Ya ce, "Allah ya ba ka tsawon rai," ya miƙo mini gyaɗa.

Ya nuna mini ta taga. A bayan sito akwai wata tsohuwar motar ɗaukar ma'aikata, ba taya, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. A kujerar gaba Direba yana zaune yana sauraron rediyo. Kullum ina wuce shi muna gaisawa, na ɗauka inuwa yake so. Shekara goma sha ɗaya ke nan motar ta mutu da sunansa a wuyanta. Yana zuwa bakwai da rabi, ya goge gilashin gaba, ya tashi ƙarfe huɗu.

Shi ya sa nake zaune a bencin nan ina bin musun Dakta da Injiniya kalma kalma. Duk wanda ya faɗi a cikinsu shi zai ɗauki biro. Su ma sun sani, shi ya sa babu mai faɗuwa. Da akwai na ukun da ya san cewa da ya buɗe baki tun shekara bakwai da babu wanda zai kusanci robar da almakashi. Shi ba sai ya amsa laifi ba, sunansa ya riga ya hau.

Yau da safe Iya ta same ni a nan. Ta ajiye bokiti, ta goge babban yatsanta a zani.

"Kawo katin nan in dangwala maka, ɗan nan. Ni ina zan je? Kullum ina gidan nan."

Ba ta san abin da ke ciki ba. Saura mata wata takwas ta ajiye tsintsiya, 'yarta ta gyara mata ɗaki, jikoki suna ƙirga kwana. Na kwance katin daga wuyan Goggo. Na ɗauko tawadar dangwale na buɗe. Tana miƙo yatsa na ji bakina yana buɗewa, iska tana taɓa haƙorana na ciki. Na rufe tawadar. Na ce mata dokar ba ta yarda da dangwale ba. Ƙarya na yi, ta yarda. Iya ta ce to Allah ya kawo mafita, ta ɗauki bokitinta. Na mayar da katin na murɗe wayar.

Marigayiyar ta rasu ta bar kyamara ɗaya, wadda ta yi sanadin ciwonta kuma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta bar tsohuwar kwamfuta da ba ta jin yaren kowace na'ura sai nata. Ta bar rabin kwalbar mai, da mayafi, da gilasan jini goma sha uku da ba a kai ga ɗaukar hotonsu ba, na yara goma sha uku da iyayensu suka kawo su tun asuba aka ɗebi jininsu. Ta bar Baba Mai Madubi a gonarsa, wanda ake roƙon duk mai hanyar wajen ya gaya masa na gane. Ta bar suruka ɗaya, wadda ta riga ta ɗinka mini jakar makaranta kuma ban gaya mata komai ba tukuna. Ta bar miji ɗaya.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka leƙo suka ce sai haƙuri. Suna roƙon a daina tambayarsu me robar take yi. Yanzu kowa ya sani.

Za a ɗauki gawar ranar Litinin da ƙarfe goma na safe daga ɗaki na uku. Ana neman maza huɗu masu ƙarfi, domin matattakalar tana da kwana. Za a bi da ita ta barandar shiga, a ɗan tsaya a gaban firam. Daga nan a wuce sito, inda Mai Sito ya ware mata wuri tsakanin firjin da ya mutu bara da injin juya jini da babu wanda ya tuna lokacin da yake aiki. Ba za a rufe ta da ƙasa ba, doka ta hana, sai kwamiti ya gani da idonsa. Za a dai mayar mata da robar a ɗaure, ko da ba ta da sauran abin riƙewa.

Zaman makoki a cikin motar bayan sito. Direba ya ce in zo da matashi, kujerar gefensa ta lotsa, kuma kada in damu, shekara biyun farko ne masu wuya.

Ba a buƙatar furanni, na aro ma an mayar. Katin zai kasance a wuyanta, a juye ta inda za a gani. Akwai layi ɗaya da ba kowa a ƙarƙashin sunana. Daga ƙofar sito zuwa makarantar minti arba'in ne a motar haya in hanya ta yi kyau, saboda haka zan tsaya kusa da gawa har sha ɗaya da kwata, da takalmina a ɗaure da hotona huɗu a aljihu.

Cikin masu zuwa ta'aziyya, wanda ya san abin da ke cikin katin, ya karanta wannan sanarwa har ƙarshe, akwai wanda zai zo da biro?